Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Dasa da Abin da Ya Rayu

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, malamai, da 'yan'uwa manoma da masu lambu na bakin Gulbin Rima, ga bayanin abin da kwamitinku ya yi a bana.

Bari mu fara da inda muka ji kunya. Da saukar damina mun raba dashen darbejiya, zogale da bagaruwa a makarantu da harabar masallatai, aka ɗauki hotuna aka watsa a Facebook. Da muka zagaya a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, mafi yawansu sun zama ƙirare. Wasu awaki suka cinye, wasu ƙishi ya kashe. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka yi wa shingen ƙaya, aka kuma damƙa su hannun mutum guda. A wata makarantar allo, malam ya sa almajirai su riƙa yin alwala a gindin itatuwan, kuma ko ɗaya bai mutu ba. Laifin namu ne, mun raba dashe ba mu raba alhaki ba. Daga yanzu ba wanda zai karɓa sai ya nuna shingensa.

Aikin da ya fi yi mana albarka kuwa bai ci mana ko kwabo ba. 'Yan'uwanmu masu dangi a Maraɗi sun koya mana sassaben zamani, wanda manoman can suka rungumi tun shekarun 1980. Idan kana sharar gona ka tarar da kututturen gawo, kalgo, sabara ko magarya ya tofo, kada ka ƙone shi. Ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sassabe sauran. Saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ta jiran bokitin kowa. Gawo ma halinsa daban ne: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi lumshi, shanu su kwanta a inuwarsa su bar maka taki. Waɗanda suka gwada sun ce iskar farkon damina ba ta binne musu shuka da rairayi kamar bara ba.

Maganar ruwa ita ce ta cinye mana zama da yawa. Dattawanmu ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta kwashe gonaki. A 2018 kuma madatsar Goronyo, mai ɗaukar ruwa cubic mita miliyan 942, ta ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin ɗari. Yau ya yi yawa, gobe babu. Shi ya sa muka karanta wa jama'a hasashen damina na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da Hausa, muka kuma jawo hankali kan iri mai saurin nuna. Duk da haka wasunmu sun bi ruwan farko, fari ya biyo baya, sai da suka sake shuka.

Masu albasa sun koka da kuɗin man injin ban ruwa tun da aka cire tallafi a 2023. Shawarar haɗa kuɗi a sayi famfo mai aiki da hasken rana tana nan, ba a cimma matsaya ba.

Reshen mata ya koyar da ginin murhun laka mai tsimin itace. Kwamiti na jinjina musu, don buhunan gawayin da ke shigowa birni kullum daga dajinmu suke fitowa.

Ziyarar da muka shirya kai wa 'yan'uwa a Isa da Sabon Birni ba ta yiwu ba saboda rashin tsaro. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, ya ratsa, don haka a baɗi za mu nemi dashen itatuwan gida ta wannan hanya, musamman domin mambobinmu na Illela, Gada da Tangaza. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar.

Sakatare, a madadin kwamiti