Zagayen fili sau 12 ba ya sa yaro gudu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ya aiki, ya ƙoƙari. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasanni in yi magana da 'yan uwana masu horar da yara, na ƙwallo ne ko na guje-guje, akwai abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai kuma ni ma na yi shekaru ina aikata shi, don haka kar wani koci ya ga kamar da shi nake.

Yadda muke yi ai kowa ya sani. Yara su iso fili, a busa usur, zagaye goma ko sha biyu, wanda ya makara a ƙara masa uku, sai sun dawo suna haki harshe a waje, gumi har cikin ido, sannan ne koci zai ce to a yi layi za a yi gudun sauri. Wallahi ka tsaya ka kalli yaron da ake sa wa gudun mita 50 bayan ya gama wannan zagayen, kai a ɗage baya, kafaɗu sun haɗe da kunne, ƙafa na faɗuwa tim tim kamar ba tasa ba. Wannan ba sauri yake koyo ba, jikinsa yana haddace yadda ake gudu a gajiye ne kawai, kuma abin da jiki ya haddace shi zai kawo maka ranar wasa.

Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa, shekararsa 13 a lokacin, siriri ne, in ya ɗauki ƙwallo ta gefe sai dai ka ga bayansa. Ni kuma na ƙudurta cewa ba shi da numfashi, sai na ɗora masa zagaye kullum, sati shida a jere babu hutu in ban da rana ɗaya. Numfashin ya samu kam, amma ƙafar nan da nake alfahari da ita ta yi nauyi, har wani abokinsa da bai taɓa kamo shi ba ya fara wuce shi. Daga baya ya fara ɗingishi, in ya zauna sai ya riƙa danna ƙasan ƙoƙon gwiwarsa, na duba na ga wani ɗan tudu ya fito a wurin, ka taɓa ya yi tsalle. Likita ya ce ciwon da ake kira Osgood-Schlatter ne, yana kama yara masu wasanni lokacin da suke tsaka da miƙewa, ƙashi na tsawo da sauri, jijiya na jan wurin da bai gama ƙwari ba. Wata biyu bai taka ƙwallo ba. Har yau in na tuna yadda yake zuwa ya zauna a bakin fili yana kallon 'yan uwansa sai in ji kunya ta kama ni.

Bayan nan ne na zauna na nemi sanin yadda abin yake. Ashe jiki yana da wani ɗan ajiyayyen ƙarfi a cikin tsoka, masana na ce masa fosfokiriyatin, shi ne ake ƙonawa in an fizga da gudu iya ƙarfi, kuma bai wuce na sakan 10 ko kusa da haka ba. In ya ƙare sai an ba shi minti 3 zuwa 5 kafin ya dawo daidai. Shi ya sa gudun mita 100 yake yadda yake, Usain Bolt ya yi sakan 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, kusan a cikin wannan ɗan ajiyar ya gama komai. To mu kuma sai mu sa yaro ya fizga, ya juyo da sassarfa, ya sake fizga nan take, sau goma, mu ce muna koya masa sauri, alhali tun daga na uku tankin ya bushe.

Yanzu abin da nake yi, sauri shi ne farko, bayan an ɗumama jiki sosai na kamar minti 15, lokacin ƙafa ba ta gaji ba kai ma na nan. Mita 20 ko 30, sau biyar ko shida, tsakanin kowanne a huta minti biyu ko uku, a taka a hankali a dawo, a sha ruwa, a yi hira ma in ana so. Sau biyu a sati ya isa, kuma ba na jera ranakun. Da na ga gudun yaro ya fara lalacewa, hannu ya fara yawo, sai in ce ya isa haka ko da saura biyu a lissafi. Ranar da na fara wannan tsarin wani uba ya jawo ni gefe ya ce Malam koci, ni fa na kawo yarona ne ya yi tirenin, sai na ga suna tsattsaye suna dariya. Na ce Alhaji tsayuwar nan ita ma tirenin ce, ya dube ni shekeke, ban jin ya yarda har ya tafi. A nan matsalar take ai, iyaye da mu kanmu mun saba auna atisaye da yawan gumi, in yaro bai koma gida yana jan ƙafa ba sai a ce kocin rago ne.

Amma fa kar a ce na ce a watsar da juriya. Akwai wasu sabbin kococi yanzu da suka kalli bidiyo biyu a YouTube, sun sayo tsani na igiya da 'yan kwanukan roba masu launi, kullum taka-taka a cikin tsani, yaran su ga kansu kamar ƙwararru, ana dawowa daga hutun rabin lokaci kowa ya riƙe ƙugu. Babban ɗan ƙwallo yana cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, kuma fizgar gudu kaɗan ce a ciki, yawanci ma ta 'yan sakanni ce, sauran duk tafiya ce da sassarfa. Juriyar ita ke sa ka farfaɗo tsakanin fizga da fizga, ita ke sa gudun da ka yi a minti na 5 ka iya maimaita shi a minti na 80. Su ma masu dogon zango ba su raina sauri ba, Eliud Kipchoge da ya yi gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 1 da sakan 9 a Balin a 2022, in ka lissafa kowace mita 100 yana cinye ta a sakan 17 da ɗoriya, haka har kilomita 42.

Sai dai yaro ba sai an azabtar da shi zai samu numfashi ba. Raba su huɗu-huɗu a ƙaramin fili, minti huɗu wasa minti biyu hutu, zuciya za ta yi aikin da ya kai na zagaye kuma ba wanda zai ɓata rai, ga ƙwallo a ƙafa. In dogon gudu ne to a yi shi a sanyaye, yadda yaro zai iya magana da na kusa da shi ba tare da numfashi ya sarƙe ba, minti 15 ko 20. Akwai kuma wanda wani kocin Suwidin mai suna Gösta Holmér ya fito da shi tun shekarun 1930, fartlek, ma'anarsa wasa da sauri, ana cikin sassarfa sai a ce daga nan zuwa waccan bishiyar kowa ya buɗe wuta, sannan a sassauta. Yara na son shi sosai, har rigima suke kan wanda zai zaɓi bishiyar gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma guje-gujen da yake yi da abokansa a makaranta duk suna cikin lissafi, mu ne muke mantawa mu ɗauka daga gado ya taso ya zo mana. Ga barci, matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, ga wanda ya ƙara tsawo farat ɗaya cikin 'yan watanni, wando ya ɗage, shi wannan ragin aiki yake buƙata na ɗan lokaci ko da kuwa shi ne tauraron ƙungiya. Sannan don girman Allah a daina hukunta yaro da gudu, in ya yi laifi a zaunar da shi a benci, yaron da aka saba yi wa horo da zagaye ba zai taɓa son gudu ba.

Roƙona Malam Edita, in wakilinku na wasanni ya je ɗaukar rahoto wajen masu horar da yara, bayan ya tambayi kofi nawa suka ci, ya ɗan tambayi kocin minti nawa yake ba yaransa su huta tsakanin gudu da gudu, da kuma yara nawa ne ke zaune a benci da ciwon gwiwa a wannan watan.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani mai horar da yara, kuma mai karanta jaridarku