Amsa ga ƙanena da ya tambaya wa ya fara tsokana, Amurka ko Rasha

Assalamu alaikum ƙanena. Ranar Asabar ka bugo waya a shirin rediyo ka tambaye ni wai yaya aka yi Amurka da Tarayyar Sobiyet da suka haɗa kai suka murƙushe Hitler suka dawo ba sa ga maciji da juna, kuma wa ya fara tsokana. Na fara magana kenan aka ce lokacin labarai ya yi, to ga amsar nan a nutse.

Ni dai a ganina tun asali babu wata abota a tsakaninsu, zaman 'yan marina ne kowa da inda ya sa gaba. Ka tuna fa a 1939 Stalin, shugaban Sobiyet, da Hitler yarjejeniyar kar wani ya taɓa wani suka ƙulla, sai da Jamus ta afka wa Sobiyet a 1941 sannan Stalin ya dawo ɓangaren su Ingila. Sobiyet 'yar gurguzu, Amurka 'yar jari-hujja, abin da ya haɗa su Hitler ne kawai, shi kuma ya mutu a 1945.

Amma abin da mutane ba su cika dubawa ba shi ne yadda kowa ya fito daga yaƙin. Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27, garuruwa sun zama kufai, Amurka kuwa wajen dubu 400 ta rasa kuma masana'antunta lafiya lau har ma ƙara ƙiba suka yi. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ai gudu zai yi, shi ya sa Stalin ya kafe lallai sai gwamnatin da ke jin maganarsa a Polan, tunda ta nan Jamusawa suka biyo suka shigo masa. A taron Yalta, Fabrairun 1945, ya yarda za a yi zaɓe na gaskiya a can, bai cika ba. Wannan kam laifinsa ne ba kwana-kwana.

Sai taron Potsdam a watan Yuli, lokacin shugaban Amurka Roosevelt ya rasu Truman ya hau. Bayan an tashi daga zama Truman ya matso kusa da Stalin ya ce masa sun samu wani sabon makami mai mugun ɓarna, Stalin ko a jikinsa, bai ma nemi ƙarin bayani ba. Ashe 'yan leƙen asirinsa sun daɗe da kai masa labarin bam ɗin nukiliyar. Ka ga irin zaman, ana gaisawa ana dariya amma kowa ya san ta cikin ɗan'uwansa. Bayan sati biyu aka jefa shi a Hiroshima, Mosko ta ɗauki abin a matsayin kashedi gare ta ita ma.

Daga nan fa kowa ya yi motsi don kare kansa sai ɗayan ya ga kamar shi ake shirin kai wa hari. A 1947 Truman ya nemi dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya kar gurguzu ya cinye su, aka biyo da shirin Marshall wajen dala biliyan 13 na farfaɗo da Turai, Stalin ya ce tarko ne ya hana Polan da Cekoslobakiya karɓa.

Inda ƙurji ya fashe shi ne Balin. Birnin yana can tsakiyar yankin Jamus da Sobiyet ke riƙe da shi bayan yaƙi amma an raba shi huɗu, da Amurka da Ingila da Faransa suka fito da sabon kuɗi a nasu ɓangaren a Yunin 1948 sai Stalin ya toshe titi da layin dogo da hanyar ruwa, mutum wajen miliyan 2 ba hanyar shigo musu da abinci ko gawayin ɗumi. Aka koma kawowa ta sama, jirgi na sauka a filin jirgin Tempelhof ana sauke buhunan fulawa da kwal wani na bayansa, dare da rana kusan wata 11, har wasu matuƙan suna ɗaura alewa a hankici su sako wa yaran da ke tsaye bakin waya suna kallo. Ba wanda ya harbi wani, ka ji inda sunan yaƙin cacar baka da ake kiran wannan rikici ya dace. A Mayun 1949 Stalin ya buɗe hanya, amma kafin nan an riga an kafa NATO, ƙawancen tsaron Amurka da ƙasashen yammacin Turai, a Afrilu, a Agusta shi ma ya gwada nasa bam ɗin, a Oktoba Mao, jagoran 'yan gurguzun Sin, ya karɓe ƙasar.

Wa ya fara? In ka matsa min zan ce Stalin ne ya fara saɓa alkawari a gabashin Turai, amma ba zan wanke Amurka tas ba, don wanda ya riƙe bam shi kaɗai da rabin dukiyar masana'antun duniya bai kamata ya yi mamaki ba in maƙwabci ya kasa barci. Ka sake bugowa Asabar mai zuwa mu ɗora daga Koriya a 1950, can ne aka fara zubar da jini sosai.