Ku riƙa karanto mana labaran da ke shiga cikin zuciyar mutum

Assalamu alaikum malam edita, ya aiki ya iyali, a gaida dukkan ma'aikatan gidan rediyo musamman masu shirin karatun littafi na dare.

Ni malamin lakkwal ne a nan Maraɗi, kuma gidanmu ba mu wasa da shirin nan, shi ya sa na ce bari in rubuto wata magana da ta daɗe tana cina. Labaran da kuke karantowa suna da daɗi ba ƙarya, amma in ka lura da yawansu mutum daga waje ake juya shi. Miji na zaune lahiya da matarshi sai a wayi gari ya tsane ta, wai an yi mishi sammu. Yarinya ta daina magana ta daina cin abinci, aljani ya aure ta. Yaro ya shiga sata, kishiyar uwarshi ce ta binne laya. Marubuci ya ɗora ma boka komai ya huta, mu kuma har a ƙare littafin ba mu san mi ke cikin ran mutanen nan ba. Ni musulmi ne, na san akwai sihiri akwai aljanu, ba na musun wannan. Amma akwai hassada da kunya da tsoro da nadama, waɗanda ke cin mutum a ɓoye shekara da shekaru har su kai shi ga aika-aika, kuma wallahi labarin da ya bi su sannu sannu ya fi tada tsigar jiki.

Akwai littafin wani marubucin Rasha, Dostoyevski, da ya fito a 1866, masu karatun faransanci sun san shi da Crime et Châtiment. Wani ɗalibi ne talauci ya ishe shi, ya ɗauki gatari ya kashe wata tsohuwa mai ba da bashi da jingina, ƙanwarta ta shigo ita ma ya haɗa da ita. Tun farkon littafin ka san wanda ya yi kisan, to mi zai riƙe ka kuma? Sauran littafin duka cikin kan yaron kake zaune, zazzaɓi, mugayen mafarkai, ya kasa haɗa ido da uwarshi, ƙafarshi da kanta ta maida shi gidan da ya yi ɓarnar har yana jan ƙararrawar ƙofa, ga mai bincike da ba shi da wata hujja a hannu sai hira kawai yake jan shi da ita yana kallon yadda fuskarshi ke canzawa. Daga ƙarshe shi ya kai kanshi ya amsa laifi. Kana ƙyamar abin da ya yi amma ka kasa aje littafin.

Kuma ba dole sai an zubda jini ba. Ɗalibanmu sun san Une si longue lettre na Mariama Bâ ta Senegal, 1979, mace ce cikin takaba tana rubuta ma ƙawarta wasiƙa, mijin da ta haifa ma ɗiya 12 ya auri ƙawar ɗiyarta ya watsar da ita, ga shi ya rasu tana mishi takaba, tana son shi tana jin haushinshi lokaci guda. Wace matar Maraɗi ce za ta ji wannan ta ce baƙon abu ne? Mu ma da Hausa muna da tushe, Jiki Magayi na cikin littattafan farko na shekarun 1930, akwai asiri a ciki amma abin da ke jan labarin shi ne ƙullacin Abubakar da mai kuɗi ya raba shi da Zainab, ka gan shi ya bar komai yana yawon neman ramuwa.

Malam edita abin da ya fi damuna, garin nan cike yake da irin waɗannan labarai ba mai rubuta su. Ka tuna lokacin da anka rufe iyakar Najeriya a 2019, anka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulki, akwai ɗan kasuwar da jarinshi ya narke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya amma kullum sai ya sa babbar riga ya fita da safe don kar iyali su gane, bashi na binshi, dare ya yi ba barci, abin magana kaɗan sai faɗa. Akwai 'yan gudun hijirar da sunka shigo yankin Gidan Rumji daga Zamfara da Sakkwato, akwai wanda anka sace wajen Madarunfa anka biya kuɗi ya dawo, kowa na mishi barka amma shi ko ƙarar babur ya ji sai gabanshi ya faɗi, kuma ya san gonar gado anka saida don a fanshe shi. Akwai mai jego da ke kuka ba ta san dalili ba, tana tsoron faɗi kar a ce ba ta gode ma Allah ba. Akwai ɗan kabu-kabu da ya fara shan tiramol don ya jure aiki. Irin waɗannan mutane suna sauraren ku da dare, in sun ji an faɗi abin da ke ransu cikin labari sai su san ba su kaɗai ba ne, danginsu ma su fara tunanin likita tare da addu'a, a rage saurin cewa hauka ne ko iskoki.

Roƙona, ku ware ko dare ɗaya a sati don irin wannan labari. Ku yi shela marubuta su aiko, gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ta nuna akwai mata masu iya wannan rubutu, kuma cikin masu rubutu a WhatsApp ma na ga waɗanda hannunsu ya faɗa, sai dai masu karatu na matsa musu su ƙara soyayya da motoci. Mai karantawa ya bi a hankali, a rage kiɗan da ake sawa a tsakiya. A kiyaye kuma kar a maida mai taɓin hankali abin dariya, kar a bayyana dalla dalla yadda wani ya cutar da kanshi don akwai yara a bakin rediyo. Bayan karatun in da hali ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ko wani malami daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya yi minti goma yana amsa kiran masu sauraro.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku daga unguwar Zariya, Maraɗi