Yaya, man nan ba na sha ba ne

Mutsamudu, tsibirin Anjuwan, Komoros

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya maigidanki da yara? Ni lafiyata lau, alhamdu lillahi.

Na turo jika 80 ranar Litinin, lambar karɓa tana wayarki. Jika 50 na maganin Inna ne da abincinta, 20 kuɗin makarantar Balki, 10 ki riƙe saboda ɓacin rana. Ke za ki je ki karɓa da ƙafarki, kada ki aiki Sani. Na san kaɗan ne. Bana kasuwar man turare ta yi sanyi, jarkoki na nan jere a ɗakin ajiya, maigidana kuma sai ya sayar yake cika mana haƙƙinmu.

Sai maganar kwalbar da na aiko ta hannun mutumin nan da ya haɗu da Alhaji a Umara. Labari ya iso mini wai kina ɗiga wa Inna a shayi, wai maganin hawan jini ne, har matan unguwa sun fara sallama da 'yan kwalabensu. Yaya, don girman Allah ki bari. Man ilang-ilang ne, na furen wata bishiya da ake nomawa a nan, kuma turare ne. Gaskiya ne akwai masu shaƙar ƙamshinsa don hankali ya kwanta ko barci ya zo, amma shaƙa daban, haɗiya daban. Inna ta ci gaba da shan ƙwayoyin da likita ya rubuta mata. Ko a fata ba a shafa shi tsagwaronsa, yana sa ƙaiƙayi. Ɗigo ɗaya ko biyu a cokalin man kwakwa ya isa, a jiki ko a gashi. In ya yi yawa ciwon kai yake sawa da tashin zuciya. Makona na farko a bakin tukunyar tatsar man ko abinci ban iya ci ba.

Don humrarki na aiko shi. A turaren wuta kuwa sai kin sauke ya huce sannan ki ɗiga, in ba haka ba wuta ta cinye miki ƙamshin, kin yi asara.

Da kin ga yadda ake samun sa, da ba ki bari wata ta zo da kwalba ba. Tun da asuba mata ke shiga gona da buhuna, don in rana ta ɗaga ƙamshin furen raguwa yake. Wanda ya nuna ya zama ruwan ɗorawa kaɗai ake tsinka, ɗanyen a bar shi. Bishiyar da an ƙyale ta doguwa ce sosai, amma sare mata kai ake yi, a lanƙwasa rassan ƙasa har hannun mace ya kai, sai ki ga gona duk bishiyoyi a durƙushe. A ranar ake juye furen cikin wata ƙatuwar tukunya da suke kira alambik, a zuba ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya sauko, man ya taso a saman ruwa. Fure kilo 40 zuwa 50 ke ba da kilo ɗaya na mai. Wutar kuma kusan kwana take yi ba ta mutu ba, ni ne mai cusa mata icce.

Man da ya fara fita a sa'o'in farko shi suke kira ekstra, shi ne mai nauyi da tsada, na manyan turaruka. Daga nan lamba 1, lamba 2, sai lamba 3 na ƙarshe wanda yawanci sabulu ake yi da shi. Akwai wani ɗan gilashi da ake tsomawa a auna nauyin man, shi ke raba gardama. Naki lamba 1 ne, ban aiko miki na sabulu ba. Yanzu da hanci nake gane lokacin da ya kamata a canza kwalba, tun kafin a tsoma gilashin. Maigidana har nuna ni yake yi wa baƙi.

Ƙunar da kika gani a hannuna cikin hoto ba komai ba ce, murfin tukunya ne. Kada ki nuna wa Inna.

Mahaifin maigidana, wani dattijo mai son hira, shi ke taya ni zaman dare. A bakinsa na ji cewa bishiyar ma baƙuwa ce kamata. Asalinta can Filifin da Indunusiya ne, sunan ma daga harshen mutanen Filifin ya fito, kuma a Manila aka fara tatsar man wajen shekarar 1860. Faransawa suka kawo ta tsibiran nan, da Riyuniyon da Nosi Be ta Madagaska. A farkon shekarun 1900 kamfaninsu na Bambao ya mamaye filaye masu yawa a Anjuwan, 'yan ƙasa suka koma lebura a ƙasar kakanninsu. Turaren nan Chanel No. 5 da ya fito a 1921, da ilang-ilang a cikinsa. Yau Komoros na sahun gaba a duniya wajen wannan mai, amma matar da ta tsinko furen ko a mafarki ba za ta sayi kwalbar ba. Dattijon yana kuma kukan ƙoramun da ya yi wanka a ciki yana yaro, yanzu ƙafewa suke da rani saboda an sare daji, har da iccen tukwanenmu. In ya kai nan sai in yi shiru, don iccen na hannuna.

Yanzu Sani. An ce zai sayar da babur ya biyo ni, wai daga nan tsallake ɗaya ne zuwa Faransa. Wa ya gaya masa? Mayot yake nufi, tsibirin da ya zauna hannun Faransa lokacin da sauran suka karɓi 'yanci a 1975. Kusan kilomita 70 ne daga nan, da dare ake ketarawa a wasu ƙananan jiragen ruwa da ake kira kwasa-kwasa, kuma mutanen da tekun nan ya ci Allah kaɗai ya san adadinsu. Wanda ya tsira, sau da yawa 'yan sanda su kama shi su dawo da shi. Ki gaya wa Kawu ya zaunar da shi. Babur ɗin ma da kuɗina aka saya, ban yarda a sayar ba. Ni na fita ya isa. Shekara huɗu ban ga Inna ba, aka rufe Baba ina nan ina hura wa turaren wasu wuta.

Mutanen nan Musulmi ne, suna da kirki, sai dai 'yan Shafi'iyya ne, a bayyane liman ke karanta bisimilla a Fatiha. Na saba. Abin da ban saba ba shinkafa kullum da mataba, ganyen rogo ne da madarar kwakwa. In Alhaji zai koma Makka ki haɗo mini kilishi da yaji da kuka, zan samu mai karɓo mini.

Jika 50 ɗin Inna kada a taɓa su da sunan rance, ko wa ya tambaya. Ki turo mini hoton rasit ɗin makarantar Balki. Kwalbar kuma ki ɗaga ta sama inda yara ba sa kai, ki rufe ta sosai, kada rana ta taɓa ta.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a. Ki gaida Kawu da Gwaggo.

Ƙaninki,
Ilya