Wasiƙa kan hotunan jirgin ƙasa na akwatin Baba

Malam Madori,
Jihar Jigawa.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan alhamdu lillahi, gero ya shiga rumbu, yanzu riɗi ake ta yanka. Ranar Juma'a na leƙa gidanku na gaida Hajiya, tana nan lafiya, sai ɗan ciwon gwiwar nan nata.

Hotuna ukun da ka turo min ta WhatsApp, waɗanda ka tsinto a akwatin Baba, Allah ya jiƙansa da rahama, na zauna na ƙare musu kallo. Ka ce tunda an rubuta Malam Madori da biro a bayan ambulan ɗin, duka a tasharmu aka ɗauka, shekara kawai kake so in lalubo maka. To ka ajiye ambulan nan gefe. Ɗaya ne kacal namu, biyun kuwa baƙi ne.

Bari in fara da wanda Baba yake saurayi, yana tsaye jikin kan jirgi da 'yar shara. Ka lura hularsa ta kusa kai saman tukunyar jirgin, wato inda ake tafasa ruwa ya zama tururi, alhali ka san Baba ba dogo ba ne. Sannan dubi yaron nan na gefen hagu: yana zaune a kan ƙwangiri ɗaya, ya dafa ɗayan da ƙafa, gwiwarsa a lanƙwashe sosai. Layinmu na Kano zuwa Nguru faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, daidai da tsohon layin Legas da na nan wajenku. Wannan bai kai haka ba. Ƙaramin layin da ya daɗe yana aiki a Arewa mai ƙafa biyu da inci shida shi ne wanda ya tashi daga Zariya ya hau Jos, don kwaso kuza. Sunan Bauchi aka laƙaba masa, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Ga kuma duwatsu can baya sun hau kan juna. Kai ma ka sani, daga Ringim har Nguru babu irin waɗannan duwatsu, sai jigawa da rairayi. Babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, ƙaramin ya yi ta lallaɓawa har aka rufe shi a 1957. Ke nan hoton ba zai wuce 1957 ba, kuma yana nuna Baba ya taɓa taka ƙasar kuza kafin ya zauna a harkar gyaɗa. Mutanen ƙasar nan da yawa sun je can cin rani, wasu kuma Turawa ne suka kwashe su aikin tilas lokacin yaƙin duniya na biyu. Wannan Hajiya ya kamata a tambaya, kuma kai za ka tambaye ta, ba ni ba.

Na biyun shi ya fi cin lokacina, kuma shi na fi so. Ka ce ai wannan mai kai biyu ne da tsofaffi suke ba da labari. A'a. Mai kai biyun, wato Garratt na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchester, ba ya ɓoyuwa: tukunyarsa a tsakiya take a rataye, tankin ruwa a gaba, ma'ajiyar kwal a baya, kowane ɓangare da nasa jerin ƙafafu. Na hotonka tukunya ce a gaba, ɗakin direba a bayanta, sannan taragon kwal da ruwa yana biye daban.

Yanzu ƙirga ƙafafun da kanka, daga gaba zuwa baya, ka bar na taragon kwal. Akwai ƙarama ɗaya a ƙarƙashin bututun hayaƙi, sai manya huɗu da sandar ƙarfe ta haɗa su, sai wata ƙarama a ƙarƙashin ɗakin direba. Gefe ɗaya kake gani, don haka sai ka ninka: biyu, takwas, biyu. Haka ma'aikatan reluwe suke rubutawa, 2-8-2, kuma da wannan ƙirga ake fara rarrabe jiragen tururi a ko'ina. Amma ƙirgar kaɗai ba ta kai mu gida, domin Najeriya ta yi masu 2-8-2 fiye da iri ɗaya. Abin da ya raba gardama shi ne dogon farantin nan da ke jikin tukunya, daidai saman kafaɗar mutumin da ke riƙe da butar mai. Ka buɗe hoton da yatsu biyu, za ka ga RIVER, sauran kuma rawanin wani ya tare. Wannan jerin jirage ne da aka raɗa wa kowannensu sunan kogi, kuma kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ne ya fara kawo su a 1948. Saboda haka zancen kawunka cewa kafin yaƙi aka ɗauki hoton bai tashi ba, sai dai ka gaya masa a hankali.

Dalar gyaɗa da ke baya ita ta sa ka ce tasharmu ce, na kuma gane dalilinka, domin Malam Madori ma ta yi dala. Sai dai ka ƙirga layukan da ke shimfiɗe tsakanin jirgin da dalar, ka dubi dogon rumbun kwano da taragai suka yi sahu a bakinsa. Ƙananan tashoshi irin tamu babban layi gare su da 'yan rassa na kaucewa da lodi. Wannan fili na Kano ne. Jirgi ya fara shiga Kano a 1911 daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta mamaye komai, har aka zo zamanin su Alhassan Ɗantata da ake jera buhu wajen 15,000 a dala guda. Abin da ke tara dalar ma a lokacin shi ne jirgi ba ya iya kwashe amfanin shekara da wuri zuwa Legas, sai buhuna su zauna jiran tarago. Wani abin da ya burge ni a hoton, hayaƙin nan baƙi ƙirin, kwal ɗin Inugu ne, wanda ya biyo layin da ke wucewa ta kusa da inda kake zaune yanzu.

Na ukun namu ne, ba tantama, kuma ba jirgin ne ya gaya min ba. Kukar nan mai reshe ɗaya da ya kwanta gabas, ka manta ta? Jiya na ɗauki wayata na je na tsaya inda nake jin mai hoton ya tsaya, na daidaita kukar da ginin tasha, suka zauna cif. Ta ƙara kauri, reshen kuma an sassare shi, amma ita ce. Kan jirgin kuwa ba bututu, ba tukunya, akwati ne mai tagogi, wato na dizal. A 1955 na dizal suka fara aiki a ƙasar nan, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta NRC, ga haruffan nan uku a jikin tarago na biyu. Ka kiyaye da wannan, haruffa suna gaya maka hoto bai riga wata shekara ba ne kawai. Tsohon tarago yakan yi shekaru da tsohon fentinsa, don haka in ka ga NR kaɗai, wato haruffan da ake rubutawa kafin a kafa NRC, a wani hoton kada ka yi saurin cewa kafin 1955 ne.

Taragan da kansu na shanu ne. Dubi jikinsu, katako ne a jejjere da tazara don iska, har ƙahon wani bijimi ya leƙo ta tsakani. Na gyaɗa a rufe suke ruf, ko kuma buɗaɗɗu a lulluɓe da tamfol. Bayan layi ya isa Nguru a 1930 an riƙa loda shanu daga can zuwa kudu, su ratsa ta Birniwa, su wuce mu, su bi Gagarawa da Taura da Ringim. Baba yana nan a gefe da littafin awo a hammata, da alama jirgin ba nasa ba ne, wucewa kawai yake yi aka ce a tsaya a ɗauka.

Sai magana ɗaya da nake roƙonka. Ka ce ɗanka zai saka hotunan a manhajar da ke wanke tsohon hoto ta sa masa launi. In zai yi don nishaɗi, ya yi, amma kada ya taɓa na asalin, kuma kada ka turo min wankakken. Manhajar nan inda ba ta gani ba ƙirƙira take yi. Lambar da ta dushe sai ta cike ta da wata, harafi ya koma wani harafin, a wayi gari muna neman jirgin da ba a taɓa ƙerawa ba. Ni dai gara min dusu-dusun gaskiya.

Abin da za ka yi, ka je shagon masu kwamfuta su yi maka sikanin, gaba da baya, kowanne daban, su ba ka babban fayil. Wanda ka turo da waya ka ɗauka a karkace, hasken fitila ya cinye gaban jirgin na biyu, kuma daidai wurin lambarsa take. Akwai kuma ɗan faranti mai siffar ƙwai kusa da gaban tukunya, na maƙera ne, a kansa ake buga sunan kamfani da shekarar ƙira. In ya fito, za mu san wane kogi ne rawanin nan ya ɓoye mana. Bayan hoton ma kada a raina shi, sau da yawa akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan garinsa. Kuma ka raba su da ledar nan, da damshin garinku za su manne da juna. Ka sa farar takarda tsakaninsu.

Hajiya ta ce in tuna maka maganin gwiwarta. Ka gaida maiɗakinka da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
abokinka na Malam Madori.