Wasiƙa Ga Abokan Cinikinmu Kan Ƙarin Kuɗin Gyaran Fiyul Sel

Assalamu alaikum.

Tun makon jiya wayata ba ta huta ba. Wasunku sun ga sabon kuɗin sauya zuciyar na'urar fiyul sel, wato ɓangaren da ke samar da wutar lantarki, sun kira cikin fushi, har wani ya ce mun ga wuri ne muka yi rawa. Maganar ta sosa mini rai, shi ya sa na zauna na rubuto.

Na'urar nan ba janareta ba ce, ba ta ƙona mai. Metanol, ruwan sinadarin da ake zuba mata, shi ne ke haɗuwa da wata siririyar fata da aka shafa wa ƙarafa masu tsada, filatinom da rutiniyom, su ne ke warware shi har wutar lantarki ta fito. In shafin ƙarafan nan ya gaji, na'ura ta gaji, sai an sauya zuciyar. Kusan kashi 70 cikin 100 na filatinom ɗin duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. A farkon 2025 oza ɗaya ta filatinom ba ta kai dala 1,000 ba, kafin Yuli ya ƙare ta haura 1,400. Ga kuma naira: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Mai kawo mana kaya ya sauya farashi ba ko sallama, bayan mun riga mun yi wa mutane alkawari. Wallahi ba mu ƙara ko kwabo a ribarmu ba.

Wani malamin jami'a cikinku ya tambaye ni me ya hana mu koma kan sinadarin da ake haɗawa da ƙarfe da naitirojin da gawayi, tunda ya fi filatinom araha. Malam, muna bibiyar sa. Amma yana saurin lalacewa, kuma fatar ɓangare biyu gare ta: a ɓangaren iska kaɗai yake aiki, ɓangaren metanol har yanzu sai filatinom. Ba zan gwada shi a firijin rigakafin asibiti ba.

Don Allah kada tsada ta sa ku zuba metanol ɗin kasuwa. Dattin cikinsa yana kashe shafin, ga shi guba ne mai makantarwa.

Muna tattaunawa da wasu, muna duba hanyoyin sassauci, in sha Allahu za ku ji daga gare mu.

Hajiya mai asibitin haihuwa, ke ce kika fara amince mana tun muna shago ɗaya. Alhaji mai gonar kaji, shekara nawa ba ka taɓa jinkirta mana biya ba. Allah ya bar zumunci. Wanda ke tunanin barin mu, ya kira ni tukuna mu zauna.

Naku,
Shugaban kamfani