Aminina, game da jinyar Baba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kuma jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka, har wurin da ka ce likita ya kawo shawarar a jona masa lantarki a kai, ƙannenka kuma suka ce atafau ba da su ba. Ban ga laifinsu ba. Mu ma haka muka yi lokacin Hajiya.

Ka dai tuna yadda ta koma. Ta daina cin abinci, magana sai da ƙyar, ta ajiye abu yanzu ta neme shi ta rasa. Duk mun sallama cewa gigin tsufa ne, ashe ciwon damuwa ne mai tsanani. A jikin tsoho yakan ɓuya a bayan mantuwa da sanyin jiki. Ƙwayoyi iri biyu ta sha wata da watanni, jiya i yau, sai ma jiri da suka ƙara mata. Sannan muka yarda aka yi mata wannan jinyar ta lantarki a kai, abin da suke kira ECT.

Sunan ne ke firgita mutane. Wasu likitoci biyu, Cerletti da Bini, suka fara shi a birnin Rum a 1938, kuma a wancan zamani mutum ido biyu ake yi masa, daga nan ya yi baƙin jini. Yanzu sai an yi allurar barci da ta sassauta tsoka, sannan a tura lantarki na 'yan daƙiƙoƙi, ƙwaƙwalwa ta yi wata gajeriyar jijjiga da yawanci ba ta wuce minti ɗaya. Sau biyu ko uku ake yi a mako, jimilla kamar 6 zuwa 12. A mako na uku Hajiya da bakinta ta ce yunwa take ji. Ƙanwata fita ta yi waje tana kuka.

Ba zan ɓoye maka ba, yana taɓa tunani. Takan farka a ruɗe, kuma har yau akwai abubuwan makonnin nan da ba ta tuna su. Ana kuma duba zuciya da hawan jini kafin a fara, kuma bayan an gama sai an ci gaba da magani, in ba haka ba ciwon na iya dawowa.

Tun da ka ce Baba yana ɗan taɓa abinci, wataƙila nasa bai kai na Hajiya tsanani ba, don haka tambayi likitan batun TMS. Wannan maganaɗisu ne ake ɗorawa a gefen goshi, galibi na hagu. A Shefil ta Ingila aka ƙirƙiro na'urar a 1985, Amurka ta amince da ita don ciwon damuwa a 2008. Babu allurar barci, mutum yana zaune yana jin ƙyas-ƙyas a kansa, kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida. Bai kai ECT ƙarfi ba, amma ba ya cin tunani. In akwai ƙarfe a kai ko tarihin farfaɗiya, a faɗa wa likita tun farko.

Inda nake so ka yi hattara shi ne maganar mantuwa. In damuwa ce ta kawo ta, tana raguwa idan damuwar ta tafi. In kuwa ƙwaƙwalwar ce ke lalacewa, irin ta Alzaima, babu lantarki ko maganaɗisun da aka tabbatar yana tsayar da ita, gwaji ake yi har yanzu. Na'urorin nan da ake tallatawa a intanet wai suna dawo da tunani, kada ka zuba kuɗinka a kansu.

Ka tafi da ɗaya daga cikin ƙannen naka ranar ganin likita, ya ji da kunnensa. Ka gaishe min da Baba, ka ce Hajiya ma tana yi masa sannu.

Naka har kullum.